Shebur A Bayan Mota: A Tambayi Ƙasa Kafin A Tambayi Ɗan Kasuwa

Duk mai motar da ke zaune a Mahuta, ko yake da dalilin shigarta a kai a kai, ya san tafiyarsa kashi biyu ce. Kashi na farko a kan kwalta ake yinsa, ko dai mutum ya biyo titin Kachia ta Sabon Tasha da Unguwar Boro, ko ya ratso ta titin Yakowa da ya rage wa mazauna kudancin kogin Kaduna wahalar cunkoso. Kashi na biyu yana farawa ne daga inda aka karya kan mota aka sauka daga kwalta, aka shiga layukan da gidaje suka riga hukuma isa. A rani ƙura ce kawai da gargada. Da damina ta kankama kuwa, musamman daga Yuli zuwa Satumba, jan ƙasar da ta yi tauri kamar daɓe a watan Maris ita ce ke komawa laka mai santsi, wadda ke riƙe taya kamar yadda mai bin bashi ke riƙe rigar wanda ya daɗe yana ɓoye masa.

Wannan ne ya sa na keɓe filin namu na wannan mako ga wani abu da wasu za su ga bai kai a ɓata masa tawada ba, wato ƙaramin shebur na ajiyewa a but ɗin mota. Ina roƙon mai karatu ya yi mini uzuri ya bi ni, domin abin da ke rataye da shi ba ƙarami ba ne. Motar da ta kafe a laka da tsakar rana abin takaici ce kawai, ga matasan unguwa nan za su tura a ba su na goro. Wadda ta kafe ƙarfe 2 na dare da mai naƙuda a kujerar baya, ko ta kafe a hanyar gona bayan magariba, wani labari ne dabam. Ƙaramar hukumar Chikun, wadda Mahuta ke cikinta, ta sha fama da masu garkuwa da mutane a 'yan shekarun nan, kuma babu wanda ke buƙatar a gaya masa bambancin minti 20 da awa 3 a tsaye a gefen daji.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana tambayar direba tukunyar kashe gobara da alamar gargaɗi mai kusurwa 3 da safayar taya da jak. Shebur ba ya cikin abin da ake tsayar da mutum a kansa, kuma ban ga laifin hukumar ba, domin ka'idojinta da titin kwalta suka fi dacewa. Sai dai yawancinmu tafiyarmu ba a kan kwalta take ƙarewa ba. Saboda haka wannan shawara ta rage tsakanin mai mota da hankalinsa. Abin da nake son kafawa a wannan rubutu guda ɗaya ne: ƙasar da za ka haƙa ita ce ya kamata ta zaɓa maka shebur, kuma idan ka saurare ta, za ta nuna maka wanda ya fi kowanne ƙarancin ado.

Na faɗi haka ne saboda irin kayan da suka cika kasuwa yanzu. Duk wanda ke duba Facebook ko shagunan intanet ya ga tallar wani shebur mai ninkewa da ke zuwa cikin 'yar jaka mai launin kakin soja. Gefensa ɗaya zarto ne, ɗayan wuƙa. A jikinsa akwai mabuɗin kwalba, a cikin ƙotarsa akwai usur da ƙyastu da na'urar nuna alƙibla, wani ma har da tocila. Ƙotar kanta gutsattsarin bututun alminiyum ne da ake murɗa wani cikin wani har ta yi tsawo. Mai talla zai sare reshe da shi, ya buɗe lemo, ya kunna wuta, duk cikin minti ɗaya. Abin da ba za ka taɓa gani a tallar ba shi ne ya durƙusa a gindin mota mai nauyin tan ɗaya da rabi yana kwashe jiƙaƙƙiyar laka na tsawon rabin awa. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle goma sha biyar.

Dalilin raunin irin wannan shebur ba ya buƙatar karatun injiniya. Idan ka luma bakin shebur a ƙasa ka danne ƙota don ɗago abin da ya ɗebo, duk ƙarfin da ka sa da duk nauyin ƙasar a wuri guda suke haɗuwa, wato wuyan da ya haɗa ƙarfe da ƙota. Jiƙaƙƙiyar laka kuma, ban da nauyi, tana da tsotso, tana manne wa ƙarfe ta ƙi saki. Shebur ɗin da aka yi wuyansa da mahaɗi mai lanƙwasawa ya sa mafi rauninsa daidai inda aiki ya fi tsanani. Kowace gaɓa da aka ƙara a ƙota wata ƙofar karyewa ce. Sannan zaren da ake murɗawa yana son tsabta, ga shi aikin nan gaba ɗayansa cikin yashi da taɓo ake yinsa. Da tsakuwa ta shiga zaren, ko dai ya ƙi ɗauruwa ko ya ƙi kwancewa.

Yana da kyau mu san daga ina wannan gajeren shebur ya fito, domin asalinsa zai nuna mana wanda aka yi wa shi. A 1870 wani hafsan sojan Denmak mai suna Mads Linnemann ya yi rajistar fasahar wani shebur da tsawonsa bai wuce rabin mita ba, daga baya rundunonin Ostiriya da Rasha suka karɓe shi. A 1938 Jamusawa suka fito da mai ninkewa, Amurkawa kuma suka kwaikwaye su a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Gajarta da ninkewa duk amsa ce ga matsalar soja. Soja a ƙugunsa yake rataye kayansa ya yi tafiyar kilomitoci a ƙafa, kuma sau da yawa a kwance rub da ciki yake tonon ramin ɓuya saboda harsashi na wucewa ta samansa. Direba ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan matsaloli. Motarsa ce ke ɗaukar masa kaya, babu kuma abin da zai hana shi tsayawa da ƙafafunsa. Wanda ya sayi shebur ɗin soja don mota ya gaji takurar da ba tasa ba.

Mutanen da suka fi kowa sanin fitar da mota daga ƙasa ba su bi wannan hanya ba. Ralph Bagnold, Baturen Ingilan da ya kafa rundunar sintirin hamada a Masar a 1940, ya dogara ne da cikakken shebur da faifan ƙarfe da ake shimfiɗa wa taya, da kuma rage iskar tayoyi idan an shiga rairayi. Har yau direbobin da ke tasowa daga Agadas su ratsa Tenere zuwa Dirku haka suke yi. Za ka ga shebur mai ƙota guda ɗaure a jikin mota tare da faifan ƙarfe da jarkokin ruwa. Waɗannan mutane ne da kuskuren zaɓen kaya ke iya zame musu ajali, ra'ayinsu kuwa ya fi na mai talla nauyi a wurina.

Akwai dai fa'ida guda ta gaske da mai ninkewa ke da ita, kuma adalci ne a ambace ta. Ana iya karya bakinsa ya tsaya a gicciye, ya koma abin da ake jawo ƙasa da shi zuwa ga mai aiki. Wannan yana da amfani ƙwarai wajen kwashe lakar da ta toshe ƙarƙashin mota, inda babu sararin ɗaga shebur. To amma idan muka dubi wannan siffa da idon gida, sunanta fartanya. Abin da injiniyan Jamus ya cim ma da mahaɗi da zobe, maƙerin Hausa ya daɗe da yinsa da ƙarfe guda da ƙotar marke. A kan jan marmara da ta bushe, sara ɗaya na fartanya ya fi luma shebur sau biyar, domin nauyinta da saukarta daga sama su ne ke fasa ƙasa. Shawarata ga duk wanda but ɗinsa ke da wuri ita ce ya haɗa biyu, gajeren shebur mai ƙota guda da ƙaramar fartanya. Ɗaya na fasawa da jawowa, ɗaya na ɗiba da jefarwa.

Mu koma ga ƙasar kanta. Iri uku ne mai mota a Arewa zai fi haɗuwa da su. Na farko jan ƙasa mai marmara da tsakuwa, irin ta tudun Mahuta da Kamazou da galibin kewayen Kaduna. Wannan tana son baki mai tsini da kauri, wanda zai ratsa ta ba tare da ya naɗe ba. Na biyu baƙar lakar fadama, irin ta gaɓar kogin Kaduna da rafin Romi, mai nauyi da danƙo. A nan faffaɗan baki abokin gaba ne, domin zai ɗebo abin da bayanka ba zai iya ɗagawa sau 50 a jere ba. Na uku rairayi, wanda ke ƙaruwa yayin da kake nausawa arewa ta Katsina da Daura da Maraɗi, ko gabas wajen Nguru da Yusufari. Shi ba ya buƙatar fasawa, yawan ɗiba yake so, saboda haka baki mai ɗan faɗi da zurfi ya fi masa. Wanda tafiyarsa ta haɗa duka ukun ya nemi matsakaici mai tsini, faɗinsa kamar santimita 15 zuwa 20. Shebur mai baki a miƙe irin na magina a bar wa masu kwaɓa siminti, ba ya shiga ƙasa mai tauri.

Bayan siffa sai ƙarfe. Alminiyum da roba an yi su ne don ƙanƙarar da ke zuba a ƙasashen sanyi, kuma da yawa daga cikin masu sauƙin nauyi da ke shigowa cikin kayan gwanjo na wannan aiki ne. A marmara kwana ɗaya ba za su yi ba. Farin ƙarfe marar tsatsa yana da kyan gani, amma mai arha daga cikinsa yakan zo da laushi. Baƙin ƙarfe da aka yi wa wuta ya yi tauri shi ne na aiki, ko da yake yana son a riƙa shafa masa mai. Kaurinsa ya kai milimita 1.5 zuwa 2. Gwajinsa a kasuwa ba wuya. Ka kafa bakinsa a ƙasa ka danna da ƙafa ka ɗan lanƙwasa, mai kyau zai dawo yadda yake, marar kyau zai zauna a karkace. Ka ƙwanƙwasa shi da makulli, mai tauri yana amsawa da ƙara mai tsawo, langalanga kuwa amonta gajere ne kamar na gwangwani. Idan mai kaya ya ce, "Haba Alhaji, kada ka lanƙwasa mini kaya," to ya riga ya ba ka amsa.

Daga nan ka dubi wuya. Kuben da ƙota ke shiga ya zama mai tsawo, daga jikin ƙarfen bakin aka naɗo shi, ko kuma an yi masa walda mai kauri da ta zagaye shi gaba ɗaya. Ɗigon walda uku ko huɗu da aka lulluɓe da fenti ba abin dogaro ba ne. Ka dubi kafaɗun bakin, inda ƙafa ke takawa. Ya kamata a ce an tanƙwasa su sun yi ɗan faɗi, domin yawancinmu da takalmi silifa ko na fita ofis matsalar ke riskarmu, kuma kaifin ƙarfe yana raba tafin takalmi biyu kafin ya isa ga ƙafa. Ƙota ta itace mai tauri, wadda zarenta ya bi tsawonta kuma babu kulli a jiki, ta fi mini bututun ƙarfe. Ba ta zafi a rana, kuma idan ta karye kowane masassaƙi a kowane ƙauye zai yi maka wata. Mariƙi mai siffar harafin D a ƙarshenta yana taimaka wa hannun da laka ta sa shi santsi.

Batun tsawo shi ne inda mutane suka fi ruɗuwa da kalmar "ƙarami". Rabin mita ya yi kaɗan, domin ba zai kai tsakiyar cikin mota ba sai ka tura kafaɗarka ƙarƙashinta, kuma zai tilasta maka aiki a durƙushe. Cikakken shebur na lebura, mai sama da mita ɗaya, ba zai shiga but ɗin ƙaramar mota cikin sauƙi ba. Tsakanin santimita 70 da 80 shi ne daidai, yana kwanciya a gicciye a but ɗin Corolla ko Golf, nauyinsa kuma bai fi kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba. Ka auna faɗin but ɗinka da igiya kafin ka fita, ka tafi kasuwa da igiyar.

Ina kuma za a samo shi? A Kaduna wannan tambaya ba ta da wuya. Garin da ke da kasuwar Panteka, inda ake sarrafa ƙarfe tun daga murhu har injin niƙa, garin da har unguwa guda ke amsa sunan Maƙera, bai kamata ya jira jirgin ruwa ya kawo masa abin haƙa rami ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ka sayi kan shebur mai tsini mai kyau a wurin masu kayan gini, ka kai wa masassaƙi ya sa masa ƙota gajera daidai awon da ka zo da shi. Fartanya kuwa ka je wa maƙeri da bayani ƙarara: "Baba, ƙarama nake so, ta ƙarfen sifirin, ƙotarta kada ta wuce kamu uku." Maƙeranmu sun daɗe suna ƙera kayan noma daga tsohon sifirin ɗin mota saboda taurinsa. Ribar sayen na gida ita ce wanda ya yi maka yana nan inda ka bar shi, idan ya lalace ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa.

Ban ce mai ninkewa haramun ba ne. Mai babur da mai Keke Napep da ɗalibin da zai goya kayansa ya hau dutsen Kagoro duk suna da hujjar neman abin da zai shiga jaka. Su nemi mai mahaɗi guda ɗaya tak, zoben ɗaure shi na ƙarfe, wanda idan an ɗaure aka girgiza ba ya motsi ko kaɗan. Su ƙyale mai zarto da usur. Akwai ma wani dalili na barin irin wannan. A hanyoyinmu shingayen bincike sun yi yawa, kuma abin da aka yi masa baki kamar gatari, aka wasa gefensa kamar adda, aka sa shi a jakar kaki, yana jawo tambayoyin da shebur ɗin lambu ba ya jawowa. Kayan aiki ya yi kama da kayan aiki, hakan ya fi wa kowa kwanciyar hankali.

Mallakar shebur rabin aiki ne, saura sanin yadda ake amfani da shi. Da zarar ka ji taya na juyawa a wuri ɗaya, ka ɗauke ƙafa daga totur, domin kowane juyi ƙara tona wa motar kabari yake yi, ga cin kuloci. Ka fito ka duba inda cikin motar ya zauna a ƙasa, ka fara kwashe nan, saboda muddin nauyinta na kan cikinta tayoyi ba za su kama ba. Sannan ka san tayoyin da ke jan motarka. Yawancin ƙananan motoci da gaba suke ja, bas ɗin Hiace da akori-kura kuwa da baya. A gaban waɗannan tayoyi, ta ɓangaren da ƙasa ta fi tauri, ka share gangara mai sauƙin hawa, tsawonta kamar taku ɗaya. Ka zuba tsakuwa ko rassa, ko ka shimfiɗa robar taka ƙafa ta cikin mota. A rairayi ka sace iskar taya kaɗan don ta baje, ka mayar da ita a wurin mai faci na farko da ka tarar. Ka ja a hankali. Sau da yawa komawa baya ta sawun da ka shigo ya fi kutsawa gaba.

Akwai abubuwa huɗu da ba a wasa da su a wannan aiki. Kada kowa ya tura jikinsa ƙarƙashin motar da ke kan jak, domin jak a ƙasa mai laushi zamewa yake yi. Kada masu turi su tsaya daidai bayan tayar da ke juyawa, tana harba dutse. Idan laka ta rufe salansa a kashe inji, musamman in akwai yara a ciki da gilasai a rufe, saboda hayaƙin da ke kisa ba shi da wari. Na huɗu ya shafi mutanen Mahuta kai tsaye. Matatar mai da aka buɗe a 1980 maƙwabciyarsu ce, kuma yankin na da bututai a binne. Duk inda aka ga alamar bututu ko ta wayar lantarki, ba wurin sara fartanya ba ne.

Shebur kuma ba shi da abin da zai yi da ruwa mai gudu. Hukumar hasashen yanayi ta Amurka ta daɗe tana gargaɗin cewa ruwa mai gudu da zurfinsa ya kai santimita 15 yana iya kayar da babban mutum, mai santimita 30 yana tafiya da ƙaramar mota, mai 60 kuwa har manya. Idan ruwa ya haura kan kwalbati, ba ka ma san ko kwalbatin na nan ba. A tsaya a jira ya janye.

Amfaninsa na biyu yana fitowa ne idan tafiya ta kai ga yada zango. Kwana a fili ba al'adar Turawa kaɗai ba ce. Manomi da ya tare a gona lokacin girbi, 'yan sikawut da 'yan agaji a sansaninsu, ɗaliban nazarin ƙasa da duwatsu, mahalarta manyan tarukan da ake kwanaki ana yi a bayan gari, duk 'yan zango ne. Aikin shebur a nan uku ne. Na ɗaya jan ƙaramar kwata a kewayen tanti ta ɓangaren tudu, don ruwan dare ya bi gefe. Na biyu kashe wuta, a share ciyawa kafin a hura ta, a zuba mata ruwa a motsa tokar kafin a tashi, domin garwashin da aka rufe da ƙasa kawai yana iya kwana da ransa, kuma a lokacin hunturu tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye amfanin gonar shekara. Na uku shi ne wanda ba a son ambata, wato bayan gida. Rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20 ga mutum ɗaya, nesa da rijiya ko rafi da aƙalla mita 30, gwamma ma 60, a rufe shi da ƙasa nan take. Idan jama'a na da yawa a haƙa dogon rami a riƙa rufewa kaɗan-kaɗan. Annobar kwalara ta 2021 ta kashe sama da mutum 3,000 a Nijeriya, kuma hanyarta sananniya ce, daga ƙazanta zuwa ruwan sha. Jigawa ta zama jiha ta farko da aka ayyana ta rabu da yin bayan gida a fili a 2022. Wanda ya ɗauki shebur zuwa zango ya bi sahunsu gwargwadon ikonsa.

Kula da shi ba ta da tsada. A wanke laka bayan aiki, a shanya, a shafa masa ɗan baƙin mai, a gyara bakinsa da magagari sau ɗaya a shekara. A naɗe shi cikin buhu a ɗaure a but. Kada a bar shi sake a cikin ɗakin mota, domin ƙarfe mai kilo ɗaya da rabi yana zama makami idan aka taka burki da ƙarfi ko aka yi karo. A haɗa masa safar hannu da tocila da gutun katako mai kauri da za a ɗora jak a kai.

Na san akwai masu cewa wannan duk sauke wa gwamnati nauyi ne, wanda ya biya haraji titi ya kamata a yi masa, ba a koya masa haƙa ba. Rabin maganarsu gaskiya ce. Unguwannin kudancin Kaduna suna faɗaɗa da sauri, kuma hakkin mazaunansu ne su ci gaba da neman kwalta da magudanan ruwa daga ƙaramar hukuma da jiha, da murya ɗaya kuma ba gajiyawa. Sai dai koke yana da lokacinsa, naƙuda ma tana da nata, kuma ba ta jiran kasafin kuɗi. Ina ma zargin cewa wani ɓangare na wannan ƙorafi ba na haraji ba ne, na kunya ne. A cikinmu 'yan boko akwai masu ganin riƙe shebur zubar da daraja ne, alhali jikokin manoma ne mu duka, kuma girman kai rawanin tsiya ne. Mutumin da ya zauna a mota da gilashi a rufe yana jiran yaran mutane su shiga laka dominsa, sannan ya tsaya cinikin abin da zai ba su, bai fi wanda ya naɗe hannun riga ya shiga cikinsu mutunci ba.

Shebur ɗin da ke bayan motarka kuma ba naka kaɗai ba ne. Shi ne zai fitar da motar maƙwabci, shi ne zai buɗe bakin kwalbatin da leda da yashi suka toshe kafin ruwa ya juyo cikin gidaje, shi ne gudunmawarka ranar da matasan layi suka kira gayyar cike ramuka. Sharaɗi ɗaya nake roƙo a kiyaye. Duk wanda ya haƙa ya fitar da motarsa, ya tsaya minti 5 ya mayar da ƙasar, ya kwashe duwatsun da ya jera. Ramin da ka bari ruwa zai rufe shi, kuma ɗan acaɓan da zai biyo da daddare da fasinja a baya ba zai gan shi ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya yanke shawarar saye ya yi tun sararin sama na da haske, kuma kada ya kai shi but sai ya gwada shi a gida. Ya haƙa rami mai zurfin gwiwa a bayan katanga, inda ƙasa ta fi tauri. Idan wuyan bai motsa ba, bakin bai naɗe ba, hannunsa kuma bai yi kanta fiye da kima ba, ya samu abokin tafiya. Idan ya karye, gara da ya karye a tsakar gida da rana, ga ruwan sha kusa, a rufe ramin a koma kasuwa.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.